Falle na Uku da na Biyar

Allon ya rabe gida biyu ne, daga hanci har wutsiya, a miƙe sak kamar an bi shi da zarto. Yarinyar da ke kansa ta sauka da hannun hagu a kan simintin filin ajiye motoci, tsintsiyar hannun ta karye. Fara ake ce mata, don tun tana rarrafe ba ta san zama wuri ɗaya ba, sai tsalle. Shekarunta goma sha shida, biyu daga ciki ta yi su ne a kan allon sulu, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu da yara ke hawa suna tura shi da ƙafa.

Allonta na farko tsoho ne da ta saya a hannun wata ƙawarta. Da wutsiyarsa ta cinye, ubanta, wanda kafinta ne, ya ce ba za a ga 'yarsa tana yawo a kan ruɓaɓɓen katako ba yana raye. Ya sayo siraran fallayen katako guda bakwai, ya shafe su da gam, ya matse su a injin matsi na shagonsa, ya yanke, ya mayar da tsofaffin tayoyin a kan sabon allo. Ya yi kyau ƙwarai. Kwana tara ya yi a duniya.

Ƙanwar kafintan tana shagon ranar da suka dawo daga asibiti. Duk layin Goggo suke ce mata, ban da yayan nata, wanda har yau, tana da shekara hamsin da uku da furfura a goshi, Auta yake kiranta. Tun ubansu na da rai take aiki a shagon, kuma aikinta ɗaya ne: guga. Yaya ya auna, Yaya ya yanka, Yaya ya haɗa, ita kuma ta bi da samfefa da man sheƙi. Idan masu saye suka shafa teburi suka ce kai, wannan hannu ya iya aiki, Yaya ne yake amsa godiyar.

Bai ko zauna ba. Ya ɗauki sifana ya kwance tayoyin da ƙarafunansu daga ɓarin allon biyu, ya zuba su a durowar teburin aiki, ya murɗa mukulli, ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa.

"An gama," ya ce. "Ranar da aka cire simintin ɗorin hannun nan, ranar zan miƙa wa mai tsohon ƙarfe tayoyin nan. Wasan banza ne dama. Ke kuma ba ki da natsuwa."

"Baba, ko tsallen ban yi ba," in ji Fara. "Gefensa kawai na taka zan juya."

"To katakona ne ya yi laifi ke nan?"

Fara ta dubi farin simintin da ke rataye a wuyanta. Goggo ta lura ba kuka take shirin yi ba. Haƙora ta cije, kuma a wurin Goggo wannan ya fi kuka ciwo.

Da yamma Goggo ta zaro ɓarin allon daga kwandon guntaye. Ta haɗa su, ta raba, ta sake haɗawa. Tsagar ta bi ta kan ramukan noti ne, ta gaba da ta baya, ba ta kauce ko kaɗan ba. Shekara arba'in tana shafa katako, ta san abin da yake karyewa don an fi ƙarfinsa, ta san kuma abin da yake tsagewa don ya sami hanya. Wannan hanya ya samu.

Washegari ta sa Fara ta kawo mata tsohon allon daga ƙarƙashin gado. Ba ta yanka shi ba. Abin da ta iya ta yi masa: ta kama gefensa da samfefa mai kaushi tana ci a karkace, a hankali, har kaurin da bai kai ɗan yatsa ba ya baje ya zama faɗin tafin hannu. Sai ga fallayen sun fito jere kamar matakala, guda bakwai. Ta shafa musu ɗan ruwa don jijiyar katakon ta bayyana. Na ɗaya a tsaye. Na biyu a tsaye. Na uku a kwance, ya gicciye sauran. Na huɗu a tsaye, na biyar a gicciye, na shida da na bakwai a tsaye.

Ta ɗauki na Yaya ta yi masa haka. Bakwai ɗin duka fuska ɗaya suka kalla, kamar sojoji.

Ta kai masa duka biyun yana tsaka da auna ƙafar kujera, ta ajiye a kan awon nasa.

"Yaya, ƙirga."

"Auta, ina aiki."

"Ƙirga dai. Ba zai ci maka rana ba."

Ya sauke tabarau ya duba. Ya gani sarai, ta san ya gani, don kunnensa ya motsa, kuma tun suna yara haka kunnen yake yi idan an kama shi.

"Aikin masu gaggawa ne," ya ce. "Sun rasa dogayen fallaye suka cusa guntaye a tsakiya. Me Baba ya koya mana? Katako yana numfashi ta faɗinsa. In ka gicciye masa jijiya ka ɗaure da gam, ka shaƙe shi, wata rana sai ya fashe."

"Na ji. Ina wurin lokacin da ya faɗa, ina goge maka teburin da ka lalata. To wanda aka shaƙe ɗin shekara biyu yarinya tana dukansa da ƙasa bai tsage ba. Naka mai numfashi kwana tara."

"Yanzu Baba za ki gyara wa magana? Yana kabari?"

"Kai nake gyara wa. Kai kana nan."

Ya ture allunan gefe. Ya ce ta koma kan samfefarta. Ya ce ko da mala'iku ne suka haɗa allo, 'yarsa ba za ta sake hawa ba. Sai kuma, da yake bakinsa ya fi tunaninsa sauri, ya ƙara da cewa in tana ganin ta fi shi sani ta yi nata mana a gani.

"To," in ji Goggo.

"Ba da injina ba. Ba da fallayena ba."

"To."

Wannan "to" ɗin ta biyu ita ta hana shi sakewa duk yinin.

Maƙwabcinsu mai walda ne, mutum mai son dariya da son rigimar da ba tasa ba. Da Goggo ta zana masa abin da take so a bayan kwalin sigari, firam na ƙarfe mai kusurwa huɗu da wurin zaman jak ɗin mota a tsakiya, ya daɗe yana kallon zanen.

"Goggo, mota za ki ɗaga ko yayanki?"

"Duk wanda ya fi nauyi."

Ya haɗa mata shi cikin kwana biyu, ya ara mata jak ɗinsa, ya ba ta lungu a bayan shagonsa. Ita kuma ta samo gungume biyu ta zauna sassaƙa. Ɗaya ta rarake masa ciki, ɗaya ta fitar masa da doro, yadda in an kifa wannan a kan wancan za su haɗe ba rata. A tsakaninsu ne fallayen za su lanƙwasa, hanci da wutsiya su ɗaga sama, tsakiya ta ɗan lotsa kamar cokali don ƙafa ta sami wurin kamawa. Tsohon allon Fara ta riƙa kwantarwa a ciki tana gwadawa. Inda ya ƙi zama ta shafa alli, ta ga inda allin ya taɓa, ta cinye wurin. Sati biyu ta yi a kan wannan kaɗai, da safe kafin a buɗe shago da kuma lokacin hutun rana. Aikin Yaya kuwa ba ta bar masa ko ƙafar kujera ɗaya ba a goge ba, don kada ya sami abin faɗa.

Ranar haɗawa ta jera fallaye bakwai da ta sayo da kuɗinta, biyar dogaye, biyu da aka yanka ta faɗi. Ta riƙa shafa gam da buroshi tana bin kowane lungu, yadda take shafa man sheƙi, a nutse, ba ta yarda da gaggawa ba. Ta kifa gungumen, ta buga jak har ƙarfen firam ɗin ya yi ƙara. Bayan kwana biyu ta sassauta.

Allon ya fito da lanƙwasarsa daidai. Ta ɗaga shi tana murmushi, sai wutsiyar ta buɗe, falle falle, tana kaɗawa.

Ba ta san Yaya na tsaye a bakin lungun ba. Ashe kullum yana leƙowa.

"A'a, Auta! Ai ban san littafi kike haɗawa ba. 'Yar boko, karanto mana shafi na uku mu ji."

Mai walda ya yi dariya har ya saki abin da ke hannunsa, sannan ya ga fuskar Goggo ya mayar da dariyar tari.

Goggo ta tattara kayanta. Da suka watse ta ɓare fallayen ta shafa cikinsu. Na sama sun kama gam-gam. Na ƙasa, waɗanda ta fara shafawa, gam ɗinsu ya yi sumul yana sheƙi, ya riga ya bushe kafin matsi ya same shi. Natsuwar da ta yi shekara arba'in tana taƙama da ita, ita ta kashe mata aiki. "Wannan aiki hannu biyu bai ishe shi ba," ta faɗa a fili. Kuma saura kwana goma sha shida a cire siminti.

"Hannu uku fa?" in ji wata murya a bayanta.

Fara ce, da kayan makaranta, ta ɗaga hannun damanta mai lafiya.

"Ubanki zai cinye ni ɗanya."

"Dama ya fara. Goggo, wa ya sani ko ni ce ban taka shi daidai ba? Kullum sai na kwanta ina sake takawa a kaina. Ina so in sani."

Goggo ta dube ta. Sai a lokacin ta gane maganar Yaya ta shiga yarinyar fiye da yadda simintin filin ya shige ta.

"Gobe in kin taso. Ki zo da tsohuwar riga."

Wannan karon ba buroshi. Goggo ta samo ɗan abin birgima na masu fenti ta ba Fara. Suka yi gwaji sau uku da fallaye busassu, mai walda yana riƙe da agogo yana ƙirga musu kamar alƙalin tsere. Fara ta birgima, Goggo ta ɗauke ta kifa, Fara ta birgima na gaba. Suna shirin zuba gam na gaske Yaya ya shigo lungun.

"Ke! Me na ce miki?"

"Ka ce kada in hau, Baba. Ba ka ce kada in shafa gam ba."

"Auta, kina koya wa 'yata rashin kunya."

"Da abinta ta zo, gado ne. Matsa, Yaya, kana tare mana haske. In za ka yi faɗa ka dawo bayan minti bakwai."

Ta zuba gam. Daga nan ba wanda ya sake kallonsa. "Ɗaya," in ji Goggo. "Biyu. Na uku, juya shi, a kwance! Huɗu. Gefen can bai samu ba, koma. Biyar, a kwance." Gam ya ɓata simintin hannun Fara, ya ɗiga a takalminta. Suka kifa gungume, mai walda ya haye jak da dukan ƙarfinsa, gam ya tsattsafo ta kowane gefe, layi shida ba inda ya yanke. Da Goggo ta ɗago, Yaya ba ya nan.

Kwana uku ta bar shi a matse, kwana bakwai kuma a jingine a inuwa, ko da Fara tana zuwa tana zagaya shi kamar kyanwa. Sannan ta ɗora tsohon allon a kai ta zana siffarsa, ta yanke, ta huda ramuka takwas. Gefen kuwa, nan aka zo gidanta. Ta mulmula shi har ya zama in ka rufe ido ka shafa ba za ka ce katako bakwai ba ne. A sama ta manna baƙar takarda mai kaushi don kada ƙafa ta zame.

Ranar da aka cire simintin, da hantsi, Yaya ya cika alkawarinsa. Suna dawowa daga asibiti ya tsayar da mai tsohon ƙarfe da kurarsa a ƙofar shago. Hannun Fara ya fito siriri, fari fat, tana riƙe da shi da ɗayan. Yaya ya sa hannu a aljihu zai zaro mukulli, sai Goggo ta fito daga shagon mai walda, allo a hammata, guntun bututun ƙarfe a hannu.

Ta ajiye bututun a ƙasa a ƙofar shago. Ta ɗauko ɓari ɗaya na allon Yaya, ta kwantar da shi a kan bututun ta tsawonsa, yadda gefe da gefe suke lilo. Ta sa ƙafa nan, ta sa ƙafa can. Ko nauyinta ba ta gama saki ba ya ce ƙas, ya sake rabewa biyu.

"Ka gani, ni ma ba ni da natsuwa," ta ce.

Ta share guntayen da ƙafa, ta ɗora nata a wurin.

"Bismilla, Yaya. Ka fi ni nauyi. In ya tsage, da hannuna zan zuba wa mutumin nan tayoyin a kura, in koma kan samfefata har in mutu."

"Ni ba yaro ba ne da zan tsaya wasa a titi."

"Maigida, hau mana," in ji mai walda. "In ka faɗi akwai sauran siminti a asibiti."

Tela na gaba ya fito da almakashi a hannu. Mai tsohon ƙarfe ya jingina da kurarsa. Yaya ya dubi wannan ya dubi wancan, ya cire tabarau ya miƙa wa Fara, ya hau. Allon ya ɗan yi lilo ya tsaya. Ya buɗa ƙafafu har bakin gefe ya danna. Shiru. Ya durƙusa ya miƙe da ƙarfi. Shiru. Sai ransa ya ɓaci, ya tattara rigarsa, mutum mai shekara sittin da tumbi, ya daka tsalle ya diro da dukan nauyinsa. Bututun ya yi ƙara a kan siminti. Ya sake. Ya sake na uku, mukullin ya yi tsalle daga aljihunsa ya faɗi ƙasa, ya yi wuf ya sauko ya take shi da ƙafa.

Ya ɗauki allon yana haki, ya juya shi, ya kai shi haske, ya bi ramukan notin da farce yana neman ko da tsagar gashi. Babu.

"Baba bai yi ƙarya ba," ya ce a ƙarshe, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Wa ya ce ya yi? Maganar teburi yake, katako mai kaurin hannu. Nan gaskiyarsa ce har gobe. Amma bai taɓa ganin teburin da yarinya take tsalle da shi ba. Da ya gani da ya ƙirga fallayen, ba kamar wani ba."

"Maigida," in ji mai tsohon ƙarfe, "za a ba ni ƙarfen ne ko in yi gaba? Rana tana yi."

Yaya ya kau da kai. Ƙafarsa tana kan mukullin. Goggo ta shiga shago, ta ɗauko kurfi da guduma, ta tsaya a gaban durowar.

"Ni na goge durowar nan, Yaya. Na san inda take da rauni. Ba na so in ɓata aikinka sau biyu a rana ɗaya."

"Auta!"

"Na'am."

Suka tsaya suna kallon juna, shi a ƙofa, ita a ciki, bakin kurfin yana kan haɗin katakon. Fara ce ta yi magana, a hankali.

"Baba, ba ni na karya shi ba ko?"

Kunnen ya motsa. Ya daɗe kafin ya ɗaga ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauki mukullin, ya goge shi a riga, ya wuce Goggo kamar ba ta wurin, ya buɗe durowar da kansa.

"Yi gaba, malam," ya ce wa mai kura. "Babu ƙarfe yau."

Bai yarda kowa ya ɗaura tayoyin ba. Ya ce in an bar wa mata noti sai su bar shi sako-sako. Goggo ta ƙyale shi da wannan, ta zauna a benci tana kallon yadda yake ɗaure kowanne, ya sassauta, ya sake ɗaurewa. Da ya zo na ƙarshe ya tsaya, ya karkata allon yana bin layukan gefen da farce.

"Na uku da na nawa kika ce?"

"Na biyar."

"Hm. Gam ɗin ya yi yawa."

"In za ka yi naka sai ka rage."

Ya ajiye allon a ƙasa ya juya zai rataye sifana. Kafin ya juyo Fara ta riga ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu, siririn hannun a manne da ƙirji.

"Ke! Likita ya ce sai bayan sati uku!"

"Tsayuwa kawai nake, Baba."

Daɓen shagon yana da ɗan gangare zuwa ƙofa, kowa ya san da shi, shekara da shekaru fensiri yana gudu a kai. Tayoyin suka fara juyawa da kansu. Goggo ta miƙa ƙafa ta janye kwandon guntaye daga hanya.